Fritz Haber (1868–1934): Malamin Jami'ar da Ya Samo Taki daga Iska

Gabatarwa

Duk manomin da ya saba shuka wake a tsakanin kunyoyin gero ya san gonar takan ƙara kyau baɗi, ko da bai taɓa bin diddigin dalili ba. Dalilin kuwa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, mazauna ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa, waɗanda ke zuƙo naitirojin daga iska su mayar da shi abincin tsiro. Kimanin kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma a siffar da yake a sarari tsiro ba ya iya cin sa, domin ƙwayoyin zarrarsa biyu-biyu suke, ɗaure da juna da ɗauri mai wuyar kwancewa. Saboda haka tun da ɗan Adam ya fara noma har zuwa ƙarni na 19, yabanya ba ta da madogara sai kashin dabbobi da juji da irin waɗannan tsirrai, sai kuma barin gona ta huta. Wanda ya kwance wannan ɗauri a ɗakin gwaji, ta hanyar da masana'anta za ta iya ɗauka ta faɗaɗa, shi ne Fritz Haber, malamin kimiyyar sinadarai a ƙasar Jamus.

A 'yan shekarun nan kira ya yawaita ga jami'o'inmu da su fito da bincikensu daga kantar laburare su kai shi masana'antu. Kiran yana kan hanya, sai dai ba kasafai masu yin sa ke tsayawa su dubi yadda irin wannan ƙawance ya gudana a inda ya fi nisa ba. Rayuwar Haber wuri ne mai kyau na dubawa, domin a cikinta jami'a da kamfani da gwamnati suka haɗa hannu fiye da yadda aka taɓa gani, kuma abin da ya fito daga haɗin ya haɗa da abinci da guba.

Tasowarsa da neman matsaya

An haifi Haber ranar 9 ga Disamba, 1868, a birnin Breslau na ƙasar Furusiya, wanda a yau yake cikin Folan da sunan Wrocław. Iyayensa Yahudawa ne. Mahaifiyarsa ta rasu makonni uku da haihuwarsa, mahaifinsa Siegfried kuwa hamshaƙin ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan rini da fenti da magunguna. Tsakanin uba da ɗa ba a taɓa samun cikakkiyar jituwa ba. Uban yana son magaji a kanti, ɗan kuwa hankalinsa yana wani wuri.

Ya fara karatun jami'a a Berlin a 1886, ya koma Heidelberg wurin Robert Bunsen, sannan ya dawo Charlottenburg inda ya yi aikin digirinsa na uku a ƙarƙashin Carl Liebermann, ya kammala a 1891. Shekaru uku da suka biyo baya na yawo ne. Ya yi ɗan zama a wata matatar giya a Budapest, da wata masana'antar soda a ƙasar Ostiriya, da wani kamfanin takarda, ya je Zurich ya karanci fasahar masana'antu wurin Georg Lunge, ya gwada kantin mahaifinsa abin bai yi daɗi ba, ya wuce Jami'ar Jena. A can ne ya karɓi addinin Kirista. Marubuta tarihinsa da dama sun danganta wannan da halin da ake ciki a lokacin, inda kujerar farfesa da muƙamin hafsan soja suke kusan a rufe ga Bayahude. Ko ma mene ne a zuciyarsa, abin da ba a jayayya a kai shi ne yana ganin kansa Bajamushe kafin komai, kuma ya ci gaba da ganin haka har lokacin da Jamus ta ce masa ba haka ba ne.

Wanda ya dubi waɗannan shekaru zai iya ɗaukarsu ɓata lokaci. A ganin mai wannan nazari, su ne suka bambanta shi da takwarorinsa. Ya ga tukunyar masana'anta da idonsa, ya san cewa sakamakon da ya yi kyau a kwalbar gwaji yana iya zama asara idan aka lissafa kuɗin gawayi da ladan leburori. A 1894 ya sami aikin mataimaki a Babbar Makarantar Fasaha ta Karlsruhe, wurin Hans Bunte, masanin makamashi da iskar gas. Shekaru 17 ya yi a nan. Kimiyyar da ta yi masa suna, wato wadda ke auna zafi da matsi da saurin haɗuwar sinadarai, bai koye ta a aji ba, da kansa ya koyar da kansa. Ya wallafa littafi kan amfani da lantarki a harkar sinadarai a 1898, wani kuma a 1905 kan dokokin zafi a haɗuwar iskoki a masana'antu, sannan ya zama cikakken farfesa a 1906. A 1901 ya auri Clara Immerwahr, mace ta farko da ta sami digiri na uku a kimiyyar sinadarai a Jami'ar Breslau. Sun haifi ɗa, Hermann, a 1902.

Matsalar naitirojin

Turai ta ƙarni na 19 ta ciyar da gonakinta da abin da jiragen ruwa ke kawowa daga Kudancin Amurka: da farko kashin tsuntsayen teku daga tsibiran Peru, daga baya gishirin naitiret daga hamadar Atacama. Darajar wannan gishiri ta kai har ƙasashen Cile da Peru da Bolibiya suka gwabza yaƙi a kansa daga 1879. Ga shi kuma ba taki kaɗai ake yi da shi ba, shi ne tushen albarushi da nakiya. A 1898 masanin Ingila William Crookes ya yi wani jawabi a Bristol inda ya yi gargaɗin cewa ma'adinan Cile za su ƙare, alkama kuma za ta kasa wa masu cin ta, sai fa idan masana sinadarai sun gano yadda za a kamo naitirojin daga iska.

A takarda abin ba wuya. Kaso ɗaya na naitirojin da kaso uku na haidirojin suna ba da kaso biyu na amoniya, daga amoniya kuma ana iya yin kowane irin takin naitirojin. A aikace kuwa akwai tsaka mai wuya. Idan zafi ya yi ƙasa, iskokin biyu sai su zauna tare ba su haɗu ba. Idan aka ɗaga zafin don su haɗu da sauri, amoniyar da ta samu sai ta sake wargajewa. Manyan masana sun gwada sun gaza. Wilhelm Ostwald, wanda ya fi kowa suna a fannin, ya sanar a 1900 cewa ya yi nasara, amma wani matashin ma'aikacin kamfanin BASF mai suna Carl Bosch ya maimaita gwajin ya nuna kuskure ne.

Haber ya shiga maganar ne a 1904 bisa roƙon wasu 'yan kasuwar Biyana, 'yan gidan Margulies. Ya yi awo a zafin da ya kai digiri 1,000, ya sami amoniya ɗan mitsitsi, ya gaya musu babu riba a ciki. Da nan maganar ta tsaya, ba don Walther Nernst ba. Nernst, farfesa a Berlin, ya ga alƙaluman Haber sun saɓa wa sabuwar ƙa'idar da ya fitar, sai ya ƙaryata su a bainar jama'a a wani taron masana da aka yi a Hamburg a 1907. Haber mutum ne mai tsananin kishin sunansa, abin ya yi masa ciwo har ya taɓa lafiyarsa. Ya koma ɗakin gwaji don ya wanke kansa, kuma a wannan karon ya yi aiki da matsi mai ƙarfi. Hikimar ita ce, tun da kaso huɗu na iska ne ke komawa kaso biyu, matse su zai tura su wajen haɗuwa.

Abubuwa uku ya haɗa. Na farko matsi da ya kusa ninka na iskar sarari sau 200. Na biyu wani sinadari da ke hanzarta haɗuwar ba tare da shi ya ƙare ba, wanda a wannan maƙala za a kira mahanzarci. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwa, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya juya ga na gaba. Da mahanzarci mai kyau ana iya sauko da zafi zuwa tsakanin digiri 500 da 600. Na uku, wanda sau da yawa ake mantawa da shi, shi ne zagaye: a sanyaya iskar da ta fito, amoniya ta zama ruwa a tsiyaye ta, ragowar da bai haɗu ba a mayar da shi tukunya. Ta haka ko da kaɗan ake samu a kowane zagaye, a ƙarshe babu abin da ya tafi a banza.

Ya kamata a ambaci hannayen da suka ƙera na'urar, domin tarihi ya fi son suna ɗaya. Robert Le Rossignol, matashi daga tsibirin Jersey wanda ya yi karatu a Landan, shi ya tsara yawancin sassanta, makanikin sashen kuma, Friedrich Kirchenbauer, ya ƙera mahaɗai da makullan da suka iya riƙe matsin.

Shigowar kamfani

BASF, wanda ke Ludwigshafen a bakin kogin Rhine, ya riga ya san daɗin binciken jami'a. Ya kwashe shekaru 17 yana zuba kuɗi kan aikin da Adolf von Baeyer na Munich da Karl Heumann na Zurich suka faro, har ya fito da shunin kanti a 1897. Wannan shuni ne ya durƙusar da noman baba a Indiya, daga baya kuma ya iso har marinan ƙasar Hausa. Kamfanin da ya ci irin wannan riba ba ya jin tsoron jira. A 1908 ya ƙulla yarjejeniya da Haber: kamfani ya ba da kuɗi da kayan aiki, duk abin da aka gano kuma mallakarsa ya koma hannun kamfani, malamin ya sami kasonsa. Abin lura, amoniya ba ita ce ta fi jan hankalin kamfanin ba a lokacin, ya fi sa rai ga wata hanya ta tartsatsin lantarki wadda daga baya aka watsar.

A watan Maris na 1909 Haber ya gano cewa ƙarfen osmiyam mahanzarci ne mai kyau. Shugaban bincike na BASF, August Bernthsen, ya yi shakkar a sami tukunyar da za ta jure irin wannan matsi, amma Bosch, wanda ya yi aikin ƙarfe kafin ya karanci sinadarai, ya ce a gwada. Ranar 2 ga Yuli, 1909, wakilan kamfanin suka zo Karlsruhe. Na'urar ta sami tangarɗa, gyara ya ɗauki sa'o'i, Bosch ya gaji ya tafi. Abokin aikinsa Alwin Mittasch ne ya tsaya, shi ya ga ruwan amoniya yana ɗiga daga wata na'ura da ba ta fi a ɗora a kan tebur ba.

Daga nan aikin ya bar hannun jami'a, kuma a nan ne mai son fahimtar yadda bincike ke zama sana'a ya kamata ya dakata. Osmiyam yana da ƙaranci ƙwarai a duniya, ba za a gina masana'anta a kansa ba. Mittasch da mutanensa suka yi dubban gwaje-gwaje, suna bin sinadarai ɗaya bayan ɗaya, har suka dace da wata tama daga Suwidin. Suka gano cewa baƙin ƙarfe da aka cakuɗa da ɗan alminiyam da fotash yana yin aikin, ga araha. Har yau da irinsa ake amfani. Bosch kuwa tukwanensa na farko fashewa suka yi ta yi. Da ya yanka ƙarfen ya duba, sai ya ga haidirojin mai zafi yana kutsawa cikinsa yana cinye kabon ɗin da ke ba shi tauri, har ya zama mai gautsi. Maganin da ya samo a 1911 shi ne tukunya riɓi biyu: ta ciki ta tattausan ƙarfe maras kabon, ta waje ta ƙarfe mai tauri da aka huhhuda da ƙananan kafofi don iskar da ta ratso ta fice. Babu jami'ar da ke da kuɗi ko ma'aikatan yin wannan, kamar yadda babu kamfanin da zai bar ma'aikacinsa ya shekara biyar yana awon da ba a san amfaninsa ba. Kowane ɓangare ya yi abin da ɗayan ba zai iya ba. A watan Satumba na 1913 masana'antar Oppau ta fara aiki, shekaru huɗu kacal bayan gwajin kan tebur.

Amma ƙawancen yana da farashi tun daga farko. Kamfanin ya taƙaita abin da Haber zai iya faɗa a fili, cikakken bayanin aikinsa da Le Rossignol bai fito ba sai a 1913. Da kamfanin Hoechst ya ƙalubalanci haƙƙin mallakar, yana kafa hujja da aikin Nernst na farko, sai BASF ya ɗauki Nernst a matsayin mai ba da shawara da ake biya, shi kuma ya goyi bayan ingancin haƙƙin Haber. Mai karatu na iya yanke wa kansa hukunci. Shi Haber ana biyan sa wani kaso a kan kowane kilo na amoniya, ya zama attajiri.

Girman abin da aka samu yana da wuyar misaltawa. A yau duniya na samar da amoniya sama da tan miliyan 150 a shekara ta wannan hanya, aikin da ke cin tsakanin kashi 1 da 2 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen da ke raye suna cin abincin da takin wannan hanya ya noma. Buhun yuriya da manomin masara ke saye a Saminaka ko Funtuwa, ko daga Onne ya fito ko daga Lekki, jikan na'urar Karlsruhe ne. Haka kuma takin da ruwa ke wankewa zuwa koguna da tekuna yana gurɓata su, matsalar da ba ta zo a lissafin kowa ba a 1913.

Dahlem da yaƙi

A 1911 aka kafa Ƙungiyar Kaiser Wilhelm, wadda manufarta ita ce gina cibiyoyin bincike da attajirai da masu masana'antu za su ɗauki nauyi, gwamnati ta ba da fili da albashin shugabanni, masana kuma a sauke musu nauyin koyarwa. Wani mai banki, Leopold Koppel, ya ba da kuɗin gina ɗaya daga cikinsu a unguwar Dahlem ta Berlin, bisa sharaɗin Haber ne zai shugabance ta. Aka buɗe ta a 1912. Haber yana cikin waɗanda suka jawo Albert Einstein zuwa Berlin, suka zama aminai duk da saɓaninsu a siyasa.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914, jiragen ruwan Birtaniya suka toshe hanyar gishirin Cile. Albarushin Jamus ba zai wuce 'yan watanni ba. Bosch ya yi wa gwamnati alkawarin mayar da amoniya zuwa naitiret da yawan da soja ke buƙata, gwamnati ta zuba kuɗi, aka faɗaɗa Oppau, aka gina wata babbar masana'anta a Leuna wadda ta fara aiki a 1917. Masana tarihi da yawa suna ganin ba don haka ba da yaƙin bai kai 1918 ba. Fasahar da aka nema don alkama, yaƙi ne ya raine ta ta girma.

Haber bai tsaya nan ba. Ya sa hannu a takardar da manyan masanan Jamus 93 suka fitar a watan Oktoba na 1914 suna kare matakin sojan ƙasarsu, ya kuma miƙa cibiyarsa ga ma'aikatar yaƙi. Sojojin ɓangarorin biyu sun maƙale a ramuka, babu mai iya ture wani. Shi ne ya kawo shawarar a saki iskar kulorin daga tukwane, iska ta kwashe ta zuwa ramukan abokan gaba, tun da ta fi iskar sarari nauyi za ta gangara ciki. Kulorin kuwa kamfanonin rini suna da shi jibge. Yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana harba harsasan da ke ɗauke da iska mai shaƙewa, sai aka fake da cewa tukunya ba harsashi ba ce. Da kansa ya horar da rundunar, ya jawo matasan masana irin su Otto Hahn da James Franck da Gustav Hertz, waɗanda duk daga baya suka sami kyautar Nobel. Max Born ya ƙi shiga.

Da yammacin 22 ga Afrilu, 1915, a kusa da garin Ypres na Baljiyam, aka buɗe tukwane kusan 6,000, aka saki kulorin sama da tan 150 a faɗin kilomita 6. Waɗanda gajimaren ya fara riska sojojin Faransa ne, da yawansu 'yan Aljeriya da mulkin mallaka ya kawo yaƙin da ba nasu ba. Kulorin yana ƙona hanyoyin numfashi, huhu ya cika da ruwa, mutum ya shaƙe yana kan tudu. Gaba ta buɗe, amma hafsoshin Jamus ba su tanadi isassun dakarun da za su kutsa ba. Cikin watanni biyar Birtaniya ta rama da irinsa, daga nan kowa ya shiga tseren neman guba mafi muni. Hujjar Haber ita ce makamin zai gajarta yaƙi, kuma mutuwa da iska ba ta fi mutuwa da harsashi muni ba. Rabin farko na hujjar tarihi ya ƙaryata shi. Rabi na biyu kuwa bai taɓa janye shi ba har ya mutu.

Aka ba shi muƙamin kyaftin, abin da ya daɗe yana buri. Ya dawo gida, kuma a daren 1 ga Mayu wayewar 2, Clara ta ɗauki bindigarsa ta soja ta harbe kanta a lambun gidansu. Hermann, ɗan shekara 12, shi ya same ta. An yawaita cewa ta yi haka ne don adawa da yaƙin guba, wasu manazarta kuma suna nuni da wasu dalilai: tun a 1909 ta rubuta wa malaminta Richard Abegg tana kukan yadda aure ya binne iliminta, ga kuma mutuwar Otto Sackur, abokin karatunta, a wata fashewa a cibiyar a Disamban 1914. Washegari Haber ya kama hanyar fagen daga na gabas, inda ake shirin wani harin. Zuwa ƙarshen yaƙin cibiyarsa tana da ma'aikata kimanin 1,500, an kewaye ta da waya, soja na gadi.

Bayan yaƙi

A watan Nuwamba na 1919 aka sanar cewa shi ya ci kyautar Nobel ta 1918 a kimiyyar sinadarai saboda haɗa amoniya. Masana da dama a Faransa da Birtaniya suka nuna ɓacin ransu. Bosch ya sami tasa a 1931. Tsakanin nan, a ranar 21 ga Satumba, 1921, rumbun taki ya fashe a Oppau ya kashe mutum sama da 500.

Jamus ta fito daga yaƙi da bashin diyya na mak biliyan 132 na zinariya. Haber ya ƙudurta biyan sa daga teku. Alƙaluman da aka wallafa a baya sun nuna akwai zinariya a ruwan teku da za a iya tacewa, sai ya sami tallafin wasu kamfanonin ƙarafa, ya kafa ɗakin gwaji a ɓoye cikin jirgin fasinja a 1923, ya tara ruwa daga tekuna daban-daban. Bayan shekaru kusan shida ya gano cewa zinariyar ta gaza abin da aka zata kusan sau dubu. Masu awon farko ƙurar zinariyar da ke jikin kayan aikinsu suka auna. Ya wallafa sakamakon yadda yake, wanda hakan abin yabo ne, amma abin ya karya masa gwiwa.

Aikinsa mafi ɗorewa a wannan zamani na gina hukumomi ne. A 1920, shi da Friedrich Schmidt-Ott suka jagoranci kafa wata ƙungiyar agajin kimiyya, wadda ke karɓar kuɗi daga gwamnati da masana'antu amma masana ne da kansu ke tantance wanda za a ba. Ita ce ta zama babbar hukumar tallafin bincike ta Jamus ta yau. Ana iya cewa mutumin da ya fi kowa sanin yadda mai kuɗi ke juya bincike shi ne ya gina katanga tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Cibiyarsa ta Dahlem ta zama matattarar masana daga ƙasashe da yawa, taron ƙara wa juna sani da yake jagoranta ya yi suna saboda yadda yake tilasta wa mai jawabi ya yi magana da harshen da na wani fanni zai gane. A gefe guda kuma, daga aikin maganin ƙwari da ya assasa lokacin yaƙi aka kafa kamfanin Degesch a 1919, wanda ya fito da gubar feshin rumbuna mai suna Zyklon B. Aurensa na biyu da Charlotte Nathan, wanda aka ɗaura a 1917, ya mutu a 1927.

Ƙarshensa

Ranar 7 ga Afrilu, 1933, gwamnatin Hitler ta fitar da dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati. Dokar ta keɓe waɗanda suka yi hidimar yaƙi, don haka Haber yana iya zama, amma sai ya kori mutanensa, har da shugabannin sassa biyu, Herbert Freundlich da Michael Polanyi. Ranar 30 ga Afrilu ya miƙa takardar ajiye aiki, inda ya bayyana cewa duk rayuwarsa cancanta da hali yake dubawa wajen zaɓen abokan aiki, kuma ba zai sauya ba yana da shekara 64. Max Planck ya je wurin Hitler da kansa ya yi roƙo, bai sami komai ba. Haber ya kwashe watannin da suka rage yana nema wa ma'aikatansa gurabe a ƙasashen waje, sannan ya bar Jamus a watan Agusta, dukiyarsa ta ragu, zuciyarsa kuma ta daɗe da ciwo.

Waɗanda suka karɓe shi a Cambridge tsoffin abokan gabarsa ne na yaƙin guba, a ƙarƙashin William Pope. Sanyin Ingila bai karɓe shi ba. Chaim Weizmann ya yi masa tayin aiki a wata sabuwar cibiyar bincike a Rehovot, a Falasɗinu ta zamanin mulkin Birtaniya, ya kuma amsa. Bai kai can ba. Ya rasu a wani masauki a birnin Basel na Suwizalan ranar 29 ga Janairu, 1934, yana da shekara 65. Bai rayu ya ga yadda 'yan Nazi suka yi amfani da Zyklon B a sansanoninsu ba, inda wasu daga cikin danginsa suka halaka.

Shekara guda bayan rasuwarsa Planck ya shirya taron tunawa da shi a Dahlem. Gwamnati ta hana malaman jami'a halarta, sai matansu suka zo a madadinsu. Bosch ya zo da manyan ma'aikatan kamfaninsa, Otto Hahn ya yi jawabi, ya kuma karanta na wani masanin da aka hana shi zuwa. A 1937 Hermann ya cika wasiyyar mahaifinsa, ya sa aka ɗauko tokar Clara daga Dahlem aka binne ta tare da shi a maƙabartar Hörnli ta Basel. Cibiyar da ya gina tana nan tana aiki, kuma tun daga farkon shekarun 1950 sunansa take ɗauke da shi.